Ramin yumɓu daban, gidan magini daban

Malam Edita, assalamu alaikum.

Shirinku na daren Talata kan lofen shan taba na yumɓu na Turawa ne ya sa na ɗauki alƙalami. Baƙonku ya yi bayani mai daɗi a kan yadda ake ɓantarar guntun lofe, a niƙe shi, a auna sinadaran cikinsa, sannan a gwada da yumɓun ramuka daban-daban. Har nan babu laifi. Amma da mai gabatarwa ya ɗora da cewa wai da zarar an gano ramin, to an gano garin da aka gina lofen, sai da na tashi zaune. Sau biyu ya faɗa, ba wanda ya gyara masa.

Ni ɗan maginiya ne. Tun ina ƙarami nake bin jaki zuwa wata fadama, tafiyar rabin yini, mu ɗebo wa mahaifiyata yumɓu, domin na kududdufin unguwarmu tsagewa yake yi a wuta. In mun kawo ma ba ta gini da shi haka nan. Sai ta jiƙa shi ya kwana, ta haɗa da wani mai yashi-yashi, ta zuba garin tsingaro, mu yi ta takawa har ƙafa ta yi tsami. Yau in masanin naku ya auna randarta, fadamar can zai nuna, inda ko kasko ba a taɓa ginawa ba. Ina aikin hannunta ya tafi ke nan? Abin ya ƙona mini rai ƙwarai.

Su ma Turawan haka abin yake. Garin Gouda na ƙasar Holan ya cika duniya da farin lofe a ƙarni na 17 da na 18, alhali ba shi da farin yumɓu nasa. A jirgin ruwa ake kawo musu daga Ingila da Beljiyam da yankin Kolon na Jamus. Maginan Landan, waɗanda Sarki James na Ɗaya ya ba takardar izini a 1619, daga kudancin Ingila ake yi musu safararsa, daga wurare irin su garin Poole. Wanda ke neman mai aikin sai ya duba tambarin da ake bugawa a dunduniyar lofe, wato ɗan tudun da ke ƙarƙashin kansa. Ƙungiyar maginan Gouda, da aka kafa a 1660, rajistar waɗannan tambura take yi, kowa da nasa. Ko kalma ɗaya ban ji a kan wannan ba a shirinku. Ni ba mashayin taba ba ne, ban kuma yi wa kowa sha'awarta ba, haƙƙin maginan ne ya dame ni. Ku dawo da baƙon ya warware wa masu sauraro wannan magana.

Sannan don Allah, wa ya matsar da labaran kasuwa zuwa lokacin sallar Magariba? Wata biyu ke nan rabona da jin farashin hatsi.

Wassalam,
Mai sauraronku daga Zariya