Manhajar lissafinmu da umarnin waje: ta wace ƙofa za mu bi?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Mu ne masu kula da wata ƙaramar manhajar lissafi da aka rubuta da harshen C, wadda ake aikin aljabara da manyan lambobi da ita. Masu amfani da ita sun matsa mana mu ƙara umarnin da zai ba su damar tayar da wani shiri na waje ba tare da sun fita daga cikinta ba: a tura wa gnuplot sakamako ya zana, ko a sa LaTeX ya tsara shafi. Buƙatarsu tana kan hanya. Manhajojin lissafi irin su Octave da Maxima da R duk suna da umarnin system, PARI/GP kuma yana da extern, wanda ke karɓo amsar shirin waje ya karanta ta a matsayin lissafi. Inda kanmu ya rabu shi ne yadda za a gina abin.

Hanya mafi sauƙi ita ce a kira system na C, wanda ke miƙa wa /bin/sh, wato shel, shirin da ke fassara umarni, rubutun ɗungurungum. Layi kaɗan ne an gama, kuma mai amfani zai samu duk abin da ya saba da shi, har da alamar | ta haɗa shirye-shirye da alamar * ta tattara fayiloli. Damuwarmu ita ce shel yana fassara kowace alama da ya gani. Sunan fayil mai tazara a tsakiya sai ya rabe gida biyu. Idan kuwa wani ya sanya wa fayil suna "jadawali; rm -r ayyuka", aka liƙa sunan cikin umarni ba tare da kariya ba, shel zai ɗauki abin da ya biyo bayan alamar ; a matsayin sabon umarni, ya share jakar ayyuka gaba ɗaya. Ga shi kuma system ba ya dawo da rubutun da shirin ya fitar, sai lambar fita kawai.

Hanya ta biyu ita ce fork da execvp, kiraye-kirayen C da ke tayar da shiri kai tsaye, a miƙa sunan shirin daban, kowace kalmar da ke biye da shi daban, babu shel a tsakani. Wannan ya toshe waccan ɓarakar, amma aikin ya dawo kanmu. Sai mun buɗe bututu biyu, wato hanyoyin da rubutun shirin waje ke bi ya iso gare mu, ɗaya na amsa ɗaya na saƙon kuskure, kuma dole a riƙa karanta su tare ta hanyar poll, kiran da ke nuna wanne ne ke da rubutu. Dalili kuwa bututu a Linux baiti 65,536 yake ɗauka idan ba a canja shi ba. Da zarar na kuskure ya cika alhali muna jiran na amsa, shirin waje ya tsaya yana jiranmu, mu ma muna jiransa, manhajar ta daskare ke nan babu ko saƙo. Haka kuma in ba a kira waitpid ba, wato kiran da ke karɓar labarin ƙarewar shiri, shirin da ya gama aiki zai ci gaba da riƙe gurbinsa a jerin ayyukan kwamfuta. In an sa wa'adi, sai an ware wa shirin rukuninsa da setpgid, don saƙonnin dakatarwa, SIGTERM, daga baya SIGKILL, su isa ga duk ƴaƴan da ya tayar. A Windows lamarin daban ne, domin CreateProcess layi guda yake karɓa, mu za mu haɗa kalmomin mu kare su da kanmu.

Akwai wata da ta shafi lissafi kai tsaye: idan tsarin harshen kwamfutar irin na Jamus ko Faransa ne, wasu shirye-shiryen kan fitar da 3,14 maimakon 3.14, mai karanta lambobinmu kuma ya ɗauke shi lambobi biyu. Mun yanke cewa za mu sa LC_ALL=C, wanda ke kawar da tsarin harshen kwamfutar, kafin tayar da kowane shiri.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne mutane suna musayar fayilolin lissafi, kuma ba kowa ke karanta fayil kafin ya gudanar da shi ba. Ranar da muka ƙara wannan umarni, kowane irin wannan fayil zai iya taɓa duk abin da mai kwamfutar ke da iko a kai. Mun duba yadda wasu suka yi. TeX Live, kunshin da ke ɗauke da LaTeX, yana taƙaita \write18, umarninsa na tayar da shirin waje, ga jerin shirye-shirye kaɗan da aka amince da su, sai mutum ya buɗe da kansa. PARI/GP yana da maɓallin secure da ke rufe system da extern.

Yawancinmu mun karkata ga hanya ta biyu, umarnin yana rufe har sai an buɗe shi lokacin tayar da manhajar. Sauran suna ganin in muka hana shel, mutane za su kira shel da hannunsu ta hanyar rubuta sh -c, mun sha wahala a banza ke nan. Malam, a ganinka mu samar da umarni biyu, mai shel da marar shel, ko guda ya isa? Sannan jerin shirye-shiryen da aka amince da su yana da amfani kuwa, ganin cewa gnuplot kansa yana iya kiran shel?

Allah ya ƙara basira.

Naka,
Masu kula da manhajar