Nisan sama daban, nisan titi daban

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ku ja hankalin masu karanta sanarwa da direbobin ƙauyukanmu kan wani kuskure da ke sa matafiya rasa jirgi. Idan tafiya ta haɗa da zuwa a mota daga filin jirgin Dutse zuwa na Bauchi, sai a duba waya a ce ai "tamanin da 'yan kai" ne, a kwanta da wannan lissafi. Adadin gaskiya ne, amma na matuƙin jirgi ne.

Matuƙa jirgi suna awo da mil ɗin teku, kuma kowane ɗaya kilomita 1.852 ne. Mil ɗin da muka sani a titi kuwa kilomita 1.609 ne. To tamanin da 'yan kai ɗin nan, in aka juya shi, kimanin kilomita 150 ke nan, shi ma a miƙe ta sama, inda babu kwana, babu gada, babu rami. Mota kuwa sai ta bi Birnin Kudu, ta karya a Babaldu, ta ratsa Ningi, abin da ya kusa kilomita 200. Wanda ya ɗauki 80 a matsayin kilomita ya yi lissafin ƙasa da rabin tafiyarsa.

Ga inda abin ke ciwo. Ƙaramar mota mai cin kilomita 10 a lita za ta sha wajen lita 20 a zuwa, wata 20 a dawowa. Direban da ya yi ciniki a kan gajeren nisa zai gane asararsa a tsakiyar hanya, daga nan rigima ta tashi da fasinja. Lokaci ma haka. Kada a yi lissafi da gudun 100. Da shingayen jami'an tsaro, da shanu masu tsallaka titi, da tsayawar salla, matsakaicin gudu bai cika wuce 65 ba, wato awa uku. A ɗora awa biyu na tantance fasinja da awon kaya in jirgin cikin gida ne, uku in na ƙetare ne, sannan a bar awa guda saboda faci ko zafin inji. Mutumin Kiyawa ko Jahun kuma ya ƙara nisan gidansa zuwa Dutse. Jirgin ƙarfe biyu na rana, ashe tafiyar bayan asuba ce.

Filin jirgin Bauchi, mai sunan Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa, yana kan titin Ningi ne, fiye da kilomita 20 kafin a shiga gari. Wanda ya rubuta "Bauchi" kawai a taswirar waya, cikin gari za ta kai shi, ya wuce filin ya dawo. A rubuta sunan filin.

Lokacin hazo, daga Disamba zuwa Fabrairu, jirgi kan jinkirta ko ya karkata wani fili in matuƙi bai hangen titin sauka, don haka a kira kamfanin jirgin kafin a tayar da mota.

Don Allah duk sanarwar da za ku karanta, ku faɗi nisan titi da kilomita, da hanyar da za a bi, da awannin tafiya. Tsofaffinmu da ku suke dogara.

Naku mai sauraro,
daga ƙaramar hukumar Kiyawa, Jihar Jigawa.