Waya ɗaya a gida ba ita ce intanet ba

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi tun da na saurari shirinku na ilimi na makon jiya raina yake a ɓace, musamman maganar wancan baƙon naku da ya ce wai yanzu ai kowa na da waya, don haka duk yaron da bai yi aikin gida na intanet ba to lalaci ne ko sakacin iyaye. Haba jama'a! Kuma mai gabatarwa ya bar shi ya wuce ko tambaya ɗaya bai jefa masa ba.

Ni uwa ce, yarana uku ke makaranta. Wayar da ke shiga intanet guda ɗaya ce a gidanmu, ta babansu ce, da ita yake neman abin rufin asiri, in ya fita da ita da safe sai dare. Yana dawowa caji ya kusa mutuwa sai an jona tukuna, sannan yara su hau layi, babbar ta ce nata aikin gobe za a karɓa, na tsakiya ya ce malaminsu ya turo bidiyo dole ya kalla, ƙaramar tana gefe tana gyangyaɗi har barci ya kwashe ta da littafi a cinya. Shi kuma bidiyon nan cin data yake kamar wuta ta samu busasshiyar ciyawa, ana tsakar kallo sai ya tsaya yana ta juyawa yana juyawa, a duba a ga data ta ƙare. Washegari a rage wa yarinya maki a gaban 'yan ajinsu, yarinyar da ko ba ta da lafiya sai ta yi kuka in an ce ta zauna gida. Wannan ne lalacin?

Da baƙon naku ya ɗan bincika ai da ya ga rahoton da UNICEF da hukumar sadarwa ta duniya ITU suka fitar a 2020, lokacin da korona ta rufe makarantu, cewa kashi biyu cikin uku na yaran duniya 'yan shekara 3 zuwa 17, kusan biliyan 1.3 ke nan, ba su da intanet a gida. Duk iyayensu sakarkaru ne?

Kuma ba wai babu mafita ba ne. Uruguay tun 2007 ta fara raba wa ɗaliban firamaren gwamnati kwamfuta su tafi da ita gida. Afirka ta Kudu lokacin korona an sa shafukan karatu da dama sun daina cin data. Ita Amurka ta yi shirin rage wa marasa ƙarfi kuɗin intanet, gidaje sama da miliyan 23 suka shiga, amma a 2024 ya tsaya saboda majalisarsu ba ta ƙara kuɗi ba, to ka ga ko can ɗin in ba a dage ba yaran talaka ake fara mantawa. Na san akwai shirin Giga na kai intanet makarantu, madalla da shi, amma aikin gida fa a gida ake yin sa bayan an kulle makaranta.

Don Allah ku dawo da wannan maganar, ku gayyato iyaye irinmu mu faɗa da bakinmu. Kuma ku tambayi shugabannin makarantu me ya hana su fara sanin wa ke da intanet wa ba shi da shi kafin su ba da aikin, wanda ba shi da shi a ba shi a takarda ko a ara masa kwamfuta.

Sannan kiɗan nan da kuke sawa a ƙarƙashin magana ya cika ƙara, rabin abin da masu kiran waya ke faɗa ba ma ji, a rage shi don Allah.

Taku mai sauraro a kullum,
Wata uwa