Wasiƙa a kan rautar gidanka

Assalamu alaikum, abokina.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya aiki, ya kuma zaman can? Saƙonka ya iso, na ga inda ka ce data na ƙarewa tun wata bai raba ba, ga intanet na jan ƙafa da daddare, har kana zargin wani ya hau muku layi. Yana iya zama haka, yana kuma iya zama wayoyinku da talabijin ne ke zuƙar data a ɓoye wajen sabunta kansu. Ko ma wanne ne, na ga gara in zauna in rubuto maka a tsanake, domin maganar ta fi ƙarfin gajeren saƙo.

Rauta, wato na'urar da ke raba Wi-Fi a gida, makulli biyu gare ta, amma yawancin mutane ɗaya kawai suka sani. Na farko shi ne kalmar sirrin da kake sa wa waya ta hau Wi-Fi. Na biyu shi ne kalmar sirrin shiga saitin rautar kanta, kuma shi ne ya fi damuna. Na farkon kamar makullin ƙofar gida ne, na biyun kuwa na ɗakin da aka ajiye dukkan makullai. Rautoci da yawa suna fitowa daga kamfani da suna "admin", kalmar sirri ma "admin", kuma jerin irin waɗannan kalmomi na nan a intanet, kowa na iya dubawa. Wanda ya shiga saitin zai iya ganin kalmar Wi-Fi ɗinka ko sau nawa ka canza ta. Abin da ya fi wannan muni, zai iya canza adireshin DNS, wato abin da ke nuna wa wayarka hanyar zuwa kowane shafi, ta yadda za ka rubuta sunan bankinka daidai amma a kai ka shafin bogi. Kada ka ɗauka masu kutse sai manyan kamfanoni suke nema. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci, ba da wata gagarumar dabara ba, sai da gwada sunaye da kalmomin sirri kusan 60 na kamfani waɗanda masu kayan ba su taɓa canzawa ba. Da waɗannan na'urori aka kai wa Dyn, kamfanin da ke kula da DNS na manyan shafuka, hari a watan Oktoba na shekarar, Twitter da Netflix suka ƙi buɗuwa ga mutane da yawa a Amurka. Masu na'urorin galibi ba su ma san da su ake yi ba.

Don haka daga nan za ka fara. Juya rautar, za ka ga takarda manne a ƙarƙashinta da adireshin shiga, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1. Rubuta shi a burauza alhali kana kan Wi-Fi ɗin, ka shiga, ka canza wannan kalmar kafin komai. A nan ne kuma za ka ga jerin na'urorin da ke haɗe da layinka. Ka ƙirga su da na gidanka, zarginka zai tabbata ko ya ƙaryata a take.

Sai ka duba wajen tsaro, inda ake zaɓar tsarin da ke kulle layin. Idan ka ga WEP, kada ka ko kalle shi. Tun 1997 yake, masana sun fallasa rauninsa a 2001, yanzu cikin 'yan mintuna ake fasa shi. WPA na 2003 cike giɓi ne kawai aka yi da shi. Ka zaɓi WPA3, wanda ya fito a 2018, idan rautarka da wayoyinku sun san shi. Idan ba su sani ba, WPA2 tare da AES ya wadatar, amma ban da TKIP.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Mutane suna zaton mai kutse zai tsaya ne kusa da gida yana gwada kalmomi ɗaya bayan ɗaya har rauta ta gaji da shi. A WPA2 ba haka abin yake ba. Duk lokacin da wayarka za ta hau layi, ita da rauta suna musayar wasu 'yan saƙonni don tabbatar da juna. Mai kutse yana iya kama wannan musaya a iska, ya tafi da ita gidansa, ya sa kwamfuta ta yi ta gwada miliyoyin kalmomi a kanta dare da rana, kai ba ka da labari, rautarka ma ba ta da labari. Shi ya sa lambar waya, ranar haihuwa, ko sunan ɗa da shekara a gaba ba su da wani amfani, domin da su ake fara gwaji. WPA2 yana karɓar harafi 8 har zuwa 63, amma mutane da yawa a 8 suke tsayawa. Ni shawarata, ka haɗa kalmomi huɗu ko biyar da ba su da alaƙa da juna, ka cusa lamba a tsakani. Ta fi sauƙin tunawa a kan tarkacen alamomi, ta kuma fi wuyar fasawa, don tsayi ne ke gajiyar da kwamfuta. Babban abin da WPA3 ya gyara ke nan, ya toshe wannan hanyar ɗauka a tafi gida a gwada.

Akwai wani abu mai suna WPS, wanda aka ƙirƙiro don a sauƙaƙa haɗa na'ura da lamba mai alƙaluma 8. Kashe shi. A ƙarshen 2011 wani mai bincike, Stefan Viehböck, ya nuna cewa rauta tana duba lambar ne rabi-rabi, ga ta ƙarshen kuma lissafa ta ake yi daga sauran, sai ya zama gwaji kusan 11,000 ya isa a gano ta. Da an gano, rautar da kanta za ta miƙa kalmar sirrinka, komai tsayinta. Abin yana ba ni haushi har yanzu in ga ana sayar da rauta da shi a kunne.

Za ka ji ana cewa ka ɓoye sunan Wi-Fi, ko ka tace na'urori da lambar MAC, wato lambar shaidar kowace na'ura. Ba laifi ba ne, amma kada ka dogara da su. Sunan yana bayyana da zarar waya ta haɗu, lambar MAC kuma ana kwaikwayonta cikin sauƙi.

In gaya maka gaskiya, mafi yawan waɗanda ke hawa layin mutane ba su fasa komai ba, ba su kalmar aka yi. Ka ba baƙo ɗaya, wayarsa ta ajiye, gobe ta nuna masa lambar QR, wani ya ɗauka da kyamara, shi ke nan ta yaɗu. Na san halinka, ba za ka iya hana wanda ya roƙa ba, ba kuma na ce ka hana ba. Ka buɗe layin baƙi, yawancin rautoci suna da shi. Kalmarsa daban, wanda ke kai yana samun intanet amma ba ya ganin kwamfutarka ko firinta, kuma kana iya canza ta duk wata ba tare da ka taɓa wayoyin gida ba. Talabijin da kyamarar tsaro ma can ya kamata su zauna, don su ne aka fi sakaci da gyaran manhajarsu.

Kafin ka fita daga saitin, ka nemi wajen sabunta manhajar rautar ka danna. A 2017 Mathy Vanhoef ya gano wani rauni a WPA2 kansa, aka sa masa suna KRACK, kuma sabunta manhajar wayoyi da kwamfutoci da rautoci ne ya magance shi, canza kalmar sirri bai yi ba. Idan rautar ta tsufa har kamfaninta ya daina fitar mata da gyara, ka fara shirin wata. Ka kuma kashe damar sarrafa ta daga nesa, ba ka buƙatarta.

Da ka canza kalmar, duk na'urorin gidan za su sauka, don haka ka sanar da iyali tukuna, ka kuma rubuta kalmomin biyu a takarda ka adana. Idan abu ya rikice, akwai ɗan rami a bayan rautar, ka danna da tsinke na 'yan daƙiƙu ta koma yadda ta fito daga kamfani, sai a sake daga farko. Ka rubuto mini na'urori nawa ka tarar a jerin, da samfurin rautar, in faɗa maka inda kowane saiti yake.

Ka gaida mai ɗaki da yara. Allah ya sada mu da alheri.

Naka,
abokinka na kullum