Zuwa ga 'Yata, Kan Tsohuwar Nan Mai Kaifin Baki ta Cikin Labarinki

Mamana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Mutanen gida duk suna gaishe ki.

Na karanta babi ukun da kika aiko na labarin birnin da aka gina a duniyar wata. Kin ce masu karatu sun rabu biyu a kan tsohuwar da ke ba da labarin, mai gadin ma'ajiyar ruwa: wasu na sonta, wasu sun ce bakinta ya yi yawa, har kina shirin rage mata kaifi. Kada ki yi gaggawa.

Ki fara tace ƙorafin. Wanda ya ce matar nan ta ba shi haushi, amma ya kai ƙarshen babin, ba ki da matsala da shi, labarin ya kama shi. Abin dubawa shi ne wanda ya ce ya gaji ya ajiye. Tambaye shi shafin da ya tsaya. In mutum uku suka nuna wuri ɗaya, nan ciwon yake.

Ina zaton zai zama shafin da ta zagi shugabannin birnin tun ba mu gan su ba. Da a Kano labarin yake, in ta kushe Kasuwar Kurmi, mai karatu na da nasa idon, sai ya yarda ko ya musa. A duniyar wata kuwa ba shi da ido sai nata, don haka hukuncin da ta riga ta yanke sai ya ji kamar tura shi ake yi. Ki nuna mana ranar rabon ruwa tukuna, lebura lita biyu, ɗan majalisa goma. Daga nan ki sake mata baki, jimla biyu ko uku, a koma kan labari.

Sannan ki bari ta yi kuskure tun kafin a ci sulusin littafin. Ta rantse wane ɓarawo ne, ya fito da gaskiyarsa. A Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1934, Alhaji Imam na cika baki, amma shi ma Malam Zurƙe na yi masa tsiya. Shi ya sa ake dariyar fankamarsa, ba a ɗauke ta wa'azin marubuci ba. Wannan ya fi muhimmanci a wurinmu, domin duk abin da tsohuwar ta faɗa kan aure ko addini, ke za a jingina wa. Ki ajiye mata abokin musu mai hujja, ba sakarai ba, wani lokacin ma ya kayar da ita.

A babi na biyu, da ta zo bayanin injin tace iska, sai ta rikiɗe ta koma malamar kimiyya. Gyara wannan. Ta bayyana shi yadda mai gadi za ta yi: ƙararsa ta hana ta barci, kuma ta san wanda ya ci kuɗin gyaransa. Karanta shafin da ƙarfi, kunnenki zai gaya miki inda muryarta ta ɓace.

Ina jiran babi na huɗu. Ki gaida maigidanki da yara. Allah ya yi miki albarka.

Mahaifinki