Takardar Koke Kan Jigilar Kayan Gwari Daga Kasuwar Farin Gada

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa,
Jihar Filato.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwar girmamawa da fatan Allah ya taya ka riƙon amanar jama'a, mu ne 'yan kasuwar kayan gwari da dillalai da direbobin manyan motoci da yaransu da 'yan dako, waɗanda ke neman abin sawa a bakin salati a kasuwar Farin Gada da kewayenta. Mun zauna mun yi shawara a tsakaninmu, muka ga ya dace mu kawo kukanmu a rubuce. Kukan guda ɗaya ne, ko da yake yana da rassa: kayan da muke ɗauka ba sa jure jira, amma kuma jiran ne ke ƙaruwa a hanyarsu kullum.

Ba ɓoyayyen abu ba ne a wurinka cewa dankalin Turawa na Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, da kabeji da karas da tumatir da tattasai da koren wake, waɗanda da yawansu ake nomawa da rani da ruwan tsofaffin ramukan haƙar kuza, ta hannunmu suke bi su isa Abuja da Anacha da Aba da Fatakwal da kasuwar Mile 12 ta Legas. Mai siminti ko mai rodi yana iya ajiye motarsa mako guda, kayansa suna nan yadda suke. Mu kuwa tun daga lokacin da aka tsinke tumatir a lambu kwanakinsa suka fara ƙirguwa, kowace sa'a da mota ta ɓata a tsaye daga cikin uwar kuɗin wani take fita.

A shekarar 2024 gwamnatin jiha ta kafa dokar da ta hana manyan motoci shiga tsakiyar Jos da Bukuru daga ƙarfe 6 na safe zuwa 9 na dare. Muna so a fahimce mu da kyau, ba mu zo neman a soke ta ba. Mu ma a garin nan muke zaune, 'ya'yanmu na tsallaka titunan nan zuwa makaranta, kuma mun ga abin da tirela ke yi idan birki ya tsinke a cikin cunkoso. Abin da ke damun mu shi ne inda mota za ta tsaya, da halin da kaya za su shiga, kafin lokacin shigar ya yi.

Ga yadda abin ke kasancewa. Mota ta yi lodi a ƙauye da asuba, hanyar gona ta riƙe ta saboda taɓo ko karyayyen kwalbati, sai ta iso bakin gari hantsi ya riga ya dubi ludayi. Ba ta da wurin shiga, don haka direba zai gangara gefen titi wajen Mararabar Jama'a ya kashe inji, ya shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota. Babu inuwa, babu ruwa, babu banɗaki, babu mai gadi. Wanda ya je wurin da la'asar zai ga ruwan tumatir na ɗiga ta ƙasan bodi, ƙudaje sun yi dandazo, tsamin kaya na tashi. Idan aka sauke da dare, kwandunan sama suna da kyan gani, amma na ƙasa da nauyi ya danne yini guda cikin zafi sun zama na masu markaɗe, a sayar da su yadda ta kama. Dankali ma da ake gani kamar yana da ƙarko, idan ya yi gumi a cikin buhu a ƙarƙashin tamfol, kwana biyu ya fara baƙi, ɗaya ya ruɓe ya shafi 'yan'uwansa. Asarar nan ba a kan mutum ɗaya take tsayawa ba. Ɗan kasuwa zai rage abin da zai ba manomi a zuwa na gaba, mai saye a kudu ya ƙara kuɗi, ɗan dako ya kwana a kasuwa don aikin da da rana ya kamata ya gama.

Motar da ta yi lodi za ta kudu ita ma sai dare ya yi take ratsa gari, wanda ke nufin cikin duhu za ta gangara Hawan Kibo. Duk direban da ya san hanyar Akwanga ya san wannan gangare, ya san yadda birki ke zafi ya daina kamawa idan aka dogara da shi maimakon babbar giya, ya kuma san hazon da ke rufe wurin da damina. Mutumin da ya yini a rana yana jira, bai runtsa ba, shi ne ke riƙe da sitiyari a nan da tsakar dare. Akwai abokan aikinmu da muka yi wa sallah saboda wannan hawa, iyalansu na nan a unguwanninmu.

Sai maganar shingaye. Direban da ya dawo daga Legas ko Fatakwal yakan miƙo wa mai kaya damin rasit ɗaure da roba, wani na kuɗin amfanin gona, wani na kuɗin lodi, wani na takardar mannawa a gilashi, wani ma ko sunan wanda ya karɓa babu a jikinsa. Abin da aka karɓa ba rasit kuwa sai dai a yarda da bakin direba, kuma wannan kaɗai ya raba mutanen da suka shekara goma suna hulɗa. A kowane shinge kuɗi ake bari da lokaci, kuma masu tsare hanya sun san mai ɗanyen kaya ba ya iya tsayawa gardama. Alhali dokar tarayya ta 1998 da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa ta faɗa ƙarara cewa babu wanda aka yarje wa ya kafa shinge a kan hanya don karɓar haraji. Ba mu ƙi biyan abin da doka ta ɗora mana ba, muna dai so mu san nawa ne, wa za a ba, kuma sau nawa.

Kuɗin mota kansa ya yi tashin gwauron zabo. Man dizal ya hau sosai a 2022, sannan cire tallafin fetur a watan Mayu na 2023 ya taɓa ƙananan motoci da akori-kura masu kwaso kaya daga gona, faɗuwar darajar naira kuma ta taɓa taya da batir da baƙin mai da duk wani kayan gyara. Ga wata asara da ba a cika kula da ita ba: motar da ta kai kabeji kudu, in ba ta samu manja ko gari ko ayaba ta ɗauko ba, wayam take dawowa, kuma man zuwa da na dawowa duk a kan kabejin nan za a lissafa su.

Sana'ar ma ta sauya fiye da yadda muka gada. Yau mai saye yana Legas zai ga hoton kaya ta WhatsApp, ya tura kuɗi ta banki, musamman tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, ya kuma riƙa kiran direba yana tambayar inda ya kai. Ciniki na ƙarewa cikin minti biyar, motar kuwa tana nan a gefen titi. Wasunmu sun koma zuba tumatir a kwandon roba mai hawa kan juna ba tare da danne kaya ba, kuma mun ga amfaninsa da idonmu, sai dai yana da tsada, dawo da shi fanko ma kuɗi ne, ga shi babu rumfar da za a tara shi a kasuwa. Ɗakin sanyi da zai riƙe kaya kwana biyu idan kasuwa ta yi kwantai kuwa, har yau buri ne a wurin yawancinmu.

Dattawanmu na tuna mana cewa Jos gari ne na jirgin ƙasa. Layin Zariya ya hau tsaunin nan a 1914 saboda kuza, na Kafanchan ya iso a 1927, sunan unguwar Taminus ma daga tashar ya samo asali. An ƙaddamar da aikin gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri a 2021, kuma tashar tsandauri ta Heipang, wato tashar sauke kayan jirgin ruwa a kan tudu, na cikin waɗanda aka amince da su tun 2006, ga ta Kaduna an buɗe a 2018, ta Dala a Kano a 2023. Mun san waɗannan sun fi ƙarfin ƙaramar hukuma, muna roƙo ne kawai ka riƙa tuna wa na sama da su, tare da gyaran Hawan Kibo, duk lokacin da dama ta samu.

Abin da ke hannunka shi muka fi nema, tunda kundin tsarin mulki ya danƙa wa ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota. Muna roƙon a ware fili kusa da Farin Gada a mayar da shi tashar manyan motoci, a daɓe shi yadda mota ba za ta kafe da damina ba, a kewaye shi, a sa rumfa da fitila da ruwa da banɗaki da masu gadi. A cikinsa a ajiye littafin rajista na motocin da suka shigo da inda suka nufa, domin mai kaya ya san motar da ke neman lodi, direba ma ya san kayan da ke neman mota. A shirye muke mu biya kuɗin tsayuwa na adalci da rasit na hukuma. Saboda motocin da ke zuwa ta kudancin gari kuma, muna roƙon ka tuntuɓi takwaranka na Jos ta Kudu a samu irin wannan wuri a can.

Muna kuma roƙon ka kai maganarmu ga gwamnatin jiha, a duba yiwuwar ba motocin ɗanyen kaya wata alama da ɗan lokaci da rana, bayan an gama kai yara makaranta kuma kafin a taso, su bi ta hanya guda da hukuma za ta zaɓa, a kan gudun da za ta ƙayyade. Duk direban da ya saɓa, mu da kanmu za mu fara miƙa shi.

Game da kuɗaɗen da ake karɓa a cikin ƙaramar hukumar nan, a haɗe su a rasit ɗaya da za a yanka a wurin lodi, a rubuta adadin a allo a ƙofar kasuwa, masu karɓa su sa katin shaida, a kuma faɗi ofishin da za a kai ƙara idan wani ya tare mota a hanya.

A ƙarshe muna neman ka sa ranar da za ka karɓi wakilanmu, ko ka turo jami'anka su zo kasuwa da dare lokacin sauke kaya, a buɗe kwandunan ƙasa a gabansu, kafin kakar tumatir ta rani ta kankama.

Allah ya ja zamaninka, ya ba Filato zaman lafiya.

Mu ne naka,
'Yan kasuwar kayan gwari, dillalai, direbobi da 'yan dako na kasuwar Farin Gada, Jos.