A Riƙa Tafiya da Matan da Abin Ya Shafa Wajen Binciken Tsaron Waya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku in yi tsokaci kan yadda ake binciken cin zarafin mata ta waya da intanet.

Galibin shawarwarin tsaro da masana ke bayarwa sun ɗauka cewa macuci baƙo ne da ke nesa yana neman kutse. To amma matar da mijinta ko saurayinta ke gallaza wa, ai macucin nata tare suke kwana suke tashi. Shi ya saya mata wayar, shi ya buɗe mata imel, ya san ranar haihuwarta da sunan mahaifiyarta. Masu bincike na Cornell Tech, wani reshen Jami'ar Cornell da ke birnin New York, sun nuna haka a 2018, bayan sun zauna da matan da kuma ma'aikatan da ke tallafa musu: yawancin masu bibiyar ba wata ƙwarewa gare su ba, lambar sirri kawai suka sani.

Shi ya sa shawarar "ki canza lambar sirrinki" kan zama haɗari. Da zarar ya ga an toshe masa hanya, a jikinta zai huce. Wannan darasi daga bakin matan ya fito, don haka a cibiyar da masu binciken suka kafa daga baya, tare da mai wayar ake duba ta, kuma ba a gaggauta goge manhajar leƙen asiri sai an tattauna abin da zai biyo baya. Ku dubi kuma AirTag, 'yar ƙaramar na'ura mai nuna inda abu yake, da kamfanin Apple ya fitar a 2021 don neman makullin da ya ɓace. Ba a jima ba aka fara ɓoye shi a motoci da jakunkunan mata don bibiyarsu, kuma sai a 2024 Apple da Google suka fitar da tsarin bai ɗaya na gargaɗin mai waya idan irin wannan na'urar tana bin sa.

Yana sosa min rai in ga mai bincike ya sa mace ta tono baƙin cikinta, ya naɗi muryarta, ya tafi ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Ina kira ga wakilanku, duk lokacin da za su kawo rahoton irin wannan bincike, su tambaya ko an tsara tambayoyin tare da matan, ko an biya su lokacinsu, a hannun wa muryoyinsu suke, kuma ko an koma an faɗa musu abin da aka gano.

Na gode.

Taku,
Mai karanta jaridarku